"Ya tafi Bama": yadda guntun jarida ya kai wata malama ga ƙarshen kakanta

## Asalin lamarin

Mai wannan lamari malamar sakandare ce a Kano, tana koyar da Hausa, shekarunta sun ɗan haura 40. Ta yarda a rubuta yadda bincikenta ya gudana, bisa sharaɗin ba za a ambaci sunanta ba, ko na danginta, ko na ƙauyensu. Iyakar abin da za a faɗa shi ne su mutanen kudancin ƙasar Katsina ne, yankin auduga da gyaɗa, inda maza suka saba fita cin rani da zarar hatsi ya shiga rumbu.

Kakanta na wajen uba ya fita cin rani wata shekara, bai sake dawowa ba. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyu. Babbar mace ce, ita malamar ke kira Goggo. Ƙaramin namiji ne yana goye, shi ne mahaifinta. Tun tana yarinya, in ta tambayi ina kakansu, amsa ɗaya take samu: "Ya tafi Bama." Daga nan zancen ke rabuwa biyu. Zuriyar 'yan'uwan kakan suna cewa ya sami wurin zama a Bama ta ƙasar Borno, ya yi aure can, ya manta da na gida. Kakarta kuwa har ta koma ga Mahaliccinta a 1991 ba ta yarda da haka ba. Ba ta musu da kowa. In an ɗauko maganar sai ta tashi ta shiga ɗaki. Ta yi shekaru tana jira kafin alƙali ya raba auren, ta yi wani aure a wani gari, yaron kuma ya tashi a hannun wan ubansa. Da sunan wannan baffa aka rubuta shi a makaranta, shi ya sa sunan kakan bai fito a takarda ko ɗaya ta gidan ba.

Wanda bai tashi a irin wannan gida ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. Yaron da aka ce ubansa ya gudu ya bar shi, da gori yake tashi, a dandali, a makarantar allo, har ranar da aka je nema masa aure. Mahaifin malamar ya sha shi, ya girma ba ya son a taɓo zancen ko da wasa.

## Afrilu 2018: abin da aka tarar a adaka

Mahaifin ya rasu a watan Maris 2018. Bayan addu'ar arba'in aka buɗe adakarsa don raba tufafi. A ƙasan kayan, cikin wata tsohuwar gafaka, aka sami guntun jarida da ya yi ja don tsufa, faɗinsa santimita 9, tsawonsa 13. Ƙasansa ya yage daidai inda aka daɗe ana ninke shi, kuma an liƙa abin da ya rage da ƙaro a kan falle ɗaya na littafin rubutu na 'yan makaranta. Babu sunan jaridar, babu kwanan wata, babu lambar shafi.

Hausa ce da rubutun boko, tsakiyar wata wasiƙa. Mai wasiƙar yana sanar da mutanen gida suna nan lafiya, abinci bai yanke musu ba, ruwan sama kuma inda suke ya fi na gida nesa ba kusa ba. Sai ya shiga jera sunayen waɗanda suke tare. Sunaye bakwai ake iya karantawa kafin yagewar, an ja wa na huɗu layi da fensir. Sunan ya yi daidai da gajeren sunan kakan, irin yadda ake mayar da Muhammadu Mamman, ko Abdullahi Audu, amma an haɗa shi da "Zariya". Da aka nuna wa baffanninta suka ce su ba Zazzagawa ba ne, wannan wani ne daban.

A cikin adakar akwai kuma takardar rantsuwar shekarun mahaifin, wadda ya yi aikin gwamnati da ita har ya yi ritaya. Ta nuna an haife shi a 1948. Malamar ta yi lissafi: in an haife shi a 1948, kuma yana goye ubansa ya tafi, to tafiyar ta faɗo 1948 ko 1949, jaridar kuma ta bayan nan ce. Da wannan lissafi ta yi aiki har shekara biyu.

## Mayu 2018 zuwa Yuli 2019: neman Bama ta Borno

Ta fara da dattawan dangi maza, mutum huɗu, kowanne ta yi masa tambaya iri ɗaya: a wace shekara ya tafi? Ɗaya ya ce zamanin Turawa, ɗaya ya ce kafin mulkin Sardauna, biyu suka ce ba su da wayo a lokacin. Ta buga wa Goggo waya da tambayar, Goggo ta ce, "Wa ke riƙe shekara a lokacin, 'yar nan?" Aka bar maganar a nan.

Sai ta juya Borno, a lokacin da neman mutum a can yake da wuya ƙwarai. Boko Haram ta kame Bama a Satumba 2014, sojoji suka ƙwato ta a Maris 2015, mutanen garin da yawa kuma suna warwatse a Maiduguri da wasu wurare. Wani abokin aikinta ɗan Borno ya ɗauki nauyin tambaya a cikin tsofaffin Hausawan Bama da ke gudun hijira. An yi wata biyar ana bi. An sami labarin mutum biyu masu irin sunan. Ɗaya Bahaɗeje ne mai fataucin kifi, ɗayan kuma sai bayan yaƙin basasa ya sauka garin.

Ta sa hoton guntun a Facebook. Addu'o'i suka yi ta zuwa, da hasashe iri-iri. Wasu suka ce Gaskiya Ta Fi Kwabo ce, wasu suka ce tun da dangin Katsinawa ne to Himma ce, ba wanda ya kawo hujja. Da yawa sun ba ta shawara ta kai a rufe takardar da leda a injin laminatin kada ta ƙarasa lalacewa. Ta kai ta shago sau ɗaya, ta tarar babu wuta, ta dawo da ita ta mayar cikin gafaka.

## Agusta da Disamba 2019: kwana shida cikin tsofaffin jaridu

Tsofaffin jaridun Arewa ba wuri ɗaya suke ba. Masu bincike sukan nufi ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ko Arewa House, gidan Sardauna Ahmadu Bello da aka mayar cibiyar bincike a 1970, ko Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ban da ɗakunan wasu jami'o'i da hukumomin tarihi na jihohi. Malamar ta je irin waɗannan wurare guda biyu, kwana uku a hutun Agusta, kwana uku a na Disamba.

Da Himma ta fara. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA da ke Zariya tana buga wa larduna ƙananan jaridu: Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zazzau, Albishir ta Borno, da wasunsu. An rufe hukumar a 1959. Bisa lissafinta, Himma da Albishir su suka fi kama da abin da take nema. Ta duba abin da ta samu daga cikinsu, babu. Sai ta koma kan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ta ɗauko daga 1948 tana gangarowa, ta kai 1953 kwanakinta suka ƙare.

Aikin yana da nauyi. Jaridun a ɗinke suke kundi-kundi, kuma babu jerin sunaye da zai ce wane ya fito a shafi kaza. Sai dai ka yi ta buɗawa falle-falle, ƙura na shiga maka hanci, kana tsoron kada gefen takardar ya farfashe a hannunka. Takardar jarida ba don ta daɗe aka yi ta ba. Za ka ga rubutun ajami da ya girme ta da shekara ɗari yana nan garau, ita kuwa ta bushe kamar ganyen kuka.

A yammacin rana ta shida, wani dattijon ma'aikaci da ya ga tana haɗa kayanta ya nemi ganin hoton a wayarta. Ya duba ya ce, "Malama, me ke bayanta?" Ta ce a liƙe take. Ya ce, "Jarida ba ta da farin baya. Kada ki ɓamɓare, kada ki sa mata ruwa. Ki ɗora ta a gilashin taga rana na dukanta, ki ɗauki hoto."

## Afrilu 2020: bayan takardar

Ba ta bi shawarar nan take ba, gajiya ta sa ta ajiye komai. Da aka rufe makarantu saboda korona a Maris 2020, aka kuma kulle Kano a Afrilu, sai zama ya same ta. Ta ɗora fallen a gilashin tagar da rana ke duka da hantsi, 'yarta ta riƙe gefuna, ita ta ɗauki hoto fiye da 30. Da yake fallen littafin ba shi da kauri, haske ya ratsa. Haruffan gaba da na baya suka fito a cakuɗe, na bayan a birkice. Ta juya hoton a waya kamar yadda madubi ke juya abu, ta ƙara masa duhu, ta shiga kwafa layi-layi a littafi. Inda ba ta tabbata ba sai ta bar gurbi, ba ta cike da zato. Ta yi mako ɗaya kafin ta karanta kusan kashi biyu cikin uku.

Abu uku suka fito. Akwai sunan Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau sarauta a 1944 bayan rasuwar mahaifinsa, Sarki Muhammadu Dikko. Ke nan ba a buga wannan shafi kafin 1944 ba. Akwai sunan Gwamna Richards, wanda ya kama aikin Gwamnan Najeriya a 1943, Macpherson ya gaje shi a 1948. Da wannan kaɗai jaridun NORLA sun fita, haka kusan duk kundin da ta yi kwana shida tana buɗawa. Na uku shi ne wasu layuka a kan tara gudummawar yaƙi, waɗanda ke maganar yaƙin a matsayin abin da ake ciki. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare da saduda da Japan ta yi a Agusta 1945. Tazarar da ta rage ba ta kai shekara biyu ba, kuma a wannan lokaci Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairu 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ita ce jaridar Hausa da ke yawo a ƙauyukan Arewa.

Wannan ya ci karo da takardar rantsuwa. In jaridar ta 1944 ko 1945 ce, kuma ta zo bayan tafiyar kakan, ba yadda za a yi a haifi mahaifinta a 1948. Da aka sassauta kulle ta je wajen wani aminin mahaifin na ƙuruciya. Ya ce ai sun yi girma kafin a kama su zuwa elementare, har sun fara bin manya gona, daga baya aka rage musu shekaru don su sami shiga gaba. Abu ne da ya zama ruwan dare a wannan zamani.

Da 1948 ta faɗi, sai kalmar Bama ta sake kama. Malamar ta san Yaƙin Bama tun tana ɗaliba, wato yaƙin da aka yi da Japan a ƙasar Burma, wadda yau ake kira Myanmar. Lissafin shekaru ne ya hana ta haɗa shi da kakanta. Ingila ta kai rundunoni biyu na sojojin Afirka ta Yamma can, ta 81 da ta 82, da 'yan Arewa masu yawa a ciki. Ta 81 ta isa Indiya a 1943, ta yi yaƙi a kwarin Kaladan, wata birged ɗinta ta 'yan Najeriya kuma ta shiga dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit a 1944. Ta 82 ta isa Indiya a 1944, ta shiga yankin Arakan a ƙarshen shekarar. Da yawa daga cikin mutanen ɗaukar kaya a ka ne aikinsu, a dajin da mota ba ta shiga. Sunayen da suka fito daga wannan yaƙi suna nan a barikokinmu: Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Arakan da Myohaung a Legas.

## Janairu 2021: zama uku da Goggo

Wannan karo ta je ƙauye da kanta. Goggo tana da kimanin shekara 85, idonta ya yi rauni amma hankalinta na nan. Sun yi zama uku a ɗakinta, kowanne wajen awa ɗaya, babu namiji a wurin, wayar malamar tana naɗar magana da izinin tsohuwar.

Ba ta sake tambayar shekara ba. Ta tambaya: wa ke sarautar Katsina? Kin fara talla? An yaye Baba ko yana shan nono? Damina nawa tsakanin tafiyarsa da zuwan takardar? Wa ya karanta ta?

Goggo ta ce tana famfara uban ya tafi, bayan an gama kai dawa rumbu, kuma Zariya yake zuwa cin rani duk shekara. Damina biyu bayan nan, a shekarar da Sarki Dikko ya rasu, malamin elementare na garin hakimi ya zo a kan keke ranar kasuwa da jarida a hannu. Ya karanta a ƙofar gidan dagaci, jama'a sun taru, sannan ya yanke wurin da reza aka aika wa uwarta cikin gida. Uwar ba ta karatun boko. Ta sa aka nuna mata inda sunan yake, shi ne malamin ya ja layi.

Daga baya, in ji ta, soja suka fara dawowa da akwatuna da manyan takalma. Wani daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da su ya zo gaisuwa, ita aka aika ta kai masa ruwa zaure, ta ji yana cewa a Bama suka rabu, kuma sai da suka yi kwana da kwanaki a jirgi a kan ruwan da ba a hangen gaɓarsa kafin su kai. Maza suka ce tun da wasu sun dawo shi bai dawo ba, to zama ya zaɓa. Da shekaru suka ja, waɗanda suka ji zancen jirgi suka ƙare, Bamar da fatake ke zuwa ita ta rage a bakin mutane.

Malamar ta ce, "Goggo, me ya sa ba ki taɓa faɗa mana ba?" Ta ce, "Shekara kuka tambaye ni."

Zaman ya warware maganar "Zariya". A Zariya ake horar da sababbin sojoji tun 1924, kuma al'adar magatakardan soja a lokacin ita ce su rubuta sunan mutum su haɗa da sunan gari, sau da yawa garin da ya faɗa ko inda aka ɗauke shi. Ta haka Bakatsine ɗan cin rani zai shiga littafi a matsayin wane Zariya.

## Agusta 2021: bugun da ake nema

Ta koma da buƙata ɗaya: Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1944 da 1945. Da yake jaridar ba ta kullum ba ce, bugun shekara biyu ba shi da yawa. A wuri na farko ba ta sami watannin ƙarshen 1944 ba. A na biyu, da la'asar ɗin rana ta biyu, ta kai ga shafin, a wani bugu na ƙarshen 1944. Kafin ta yi murna sai da ta juya fallen ta gwada da abin da ta kwafa a littafinta. Labarin Sarkin Katsina da na gudummawar yaƙi suna nan a bayan, layi bisa layi.

Cikakkiyar wasiƙar ta ninka guntun da ke hannunta. Daga Indiya aka aiko ta, ba a ambaci gari ba, domin a lokacin yaƙi ana tace wasiƙun soja. Wanda ya rubuta ta ya yi ne a madadin mutum 11 'yan yanki ɗaya. A ɓangaren da ya yage ya ɓata, kowane mutum an faɗi wanda yake gaisarwa. A gaban sunan da aka ja wa layi akwai sunan ƙauyensu da sunan wansa, wato baffan da ya riƙe mahaifinta. A ƙarshe an jera lambar sojan kowa, don mai son ba da amsa.

Ta ɗauki hoton shafin gaba ɗaya, da bayansa, da shafin farko mai ɗauke da sunan jarida da kwanan wata.

## Satumba 2021: lambar soja

Hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashe renon Ingila tana da rumbun sunaye a intanet, kyauta ake dubawa. Da ta nema da suna abin ya rikice, domin Turawan soja sun rubuta sunayenmu yadda kunnensu ya ji: Garba ya koma Garuba, Mamman ya koma Momo, Ibrahim ya koma Brimah. Ta sami mutum biyar da kowannensu zai iya zama shi. Da ta sa lambar, mai farawa da NA kamar ta sauran sojojin Najeriya, mutum ɗaya ya fito.

Bayanin gajere ne: suna, lamba, bataliya, ranar rasuwa a watan Maris 1945, da wurin da aka rubuta sunansa a dutsen tunawa na Rangun. Wannan dutse yana maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Rangun da yau ake kira Yangon, yana ɗauke da sunayen sojoji kusan 27,000 da suka mutu a yaƙin Bama ba a san kabarinsu ba. Bataliyarsa tana cikin runduna ta 82, wadda a wannan wata take fafatawa a Arakan bayan kama Myohaung a Janairu 1945. Bayanin bai faɗi sanadi ba, kuma a wannan daji zazzaɓi da atini sun kashe mutane kamar yadda harsashi ya kashe. Saboda haka malamar ta tsaya a kan cewa ya rasu yana soja a Bama. Ba ta ce a fagen fama ya faɗi ba.

## Oktoba 2021 zuwa yau

Ta kai wa Goggo labarin da bakinta. Tsohuwar ta yi shiru mai tsawo, ta yi salati, ta ce a kira liman. Aka yi sadaka da addu'a a ƙofar gidan da ya fita daga ciki, shekara 76 bayan rasuwarsa. Goggo ta rasu a Fabrairu 2022.

Yawancin dangi sun karɓa da suka ga sunan ƙauyen da na baffa a shafin. Mutum biyu daga cikin dattawa har yanzu suna kan tsohon zance. Akwai gonar da kakan ya bari, wadda ta zauna a hannun wansa da zuriyarsa tun lokacin. Malamar ta faɗa a gaban kowa cewa ba ita ta zo nema ba, kuma wannan ya sa wasu suka saki jiki suka saurara.

Guntun yana nan a liƙe yadda aka same shi, a shimfiɗe tsakanin fararen takardu biyu cikin kwali, nesa da rana da laima. An buga hotunan shafin an raba wa gidaje shida.

## Me ya ci tura, me ya yi aiki

A ganina babban abin da ya ɓata shekara biyu shi ne takardar rantsuwa. Tana da hatimi da sa hannu, shi ya sa malamar ba ta tuhume ta ba, alhali ita ce mafi rauni a duk abin da ke cikin adakar. Takardar rantsuwar shekaru tana faɗin abin da mutum ya buƙata ne ranar da aka yi ta. Kuskuren shekara shida ya tsallakar da kakan daga cikin yaƙi zuwa bayansa, daga nan kuma komai ya bi: Borno, Himma, kundin 1948 zuwa 1953.

Tambayar shekara ma ta cuce ta. Mutanen da suka tashi a ƙauye a wancan zamani da sarki suke lissafi, da damina, da yaye, da famfara. Goggo tana riƙe da amsar tun 2018, kuma ba ɓoyewa ta yi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne an fara da maza huɗu waɗanda biyunsu ma ba su da wayo lokacin, aka sallami wadda ta kai ruwa zaure da kiran waya ɗaya. Da an ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni, da ta tafi da shi.

Shiga ɗakin jaridu ba tare da an taƙaita lokaci ba ɓata kwana ne. Kwana shida ba su ba da komai ba, kwana biyu suka isa bayan an san shekarun. Abin da ya taƙaita su kuwa yana bayan takardar tun ranar farko. Mai yanke jarida gaba yake kallo, amma almakashi ko reza tana ɗauko wani labari a baya, kuma a nan ake samun sunan sarki ko gwamna, ko farashi da fam da sule, wanda zai nuna kafin Janairu 1973 ne da naira ta shigo. Shawarar laminatin da aka yi ta ba ta ba mai kyau ba ce: ba a warware shi, zafinsa da gam ɗinsa kuma suna cin tsohuwar takarda. Rashin wuta ne ya tsare ta daga wannan.

Babu hujja ɗaya da ta isa ita kaɗai. Bayan takardar ya ba da shekaru, Goggo ta ba da dalilin "Zariya" da ma'anar Bama, cikakken shafi ya ba da ƙauye da sunan wa da lamba, lambar ta ba da ranar rasuwa. Da suna kaɗai ta tsaya, da ta zaɓi ɗaya cikin mutum biyar da ka, kuma da sauƙi ta ɗauki kakan wasu ta kai gida. Game da dalilin da sanarwar rasuwa ba ta iso ƙauyen ba a 1945, malamar tana ganin sunan garin da ke littafin soja ne ya karkatar da ita, amma ta rubuta wannan a matsayin zato, kuma daidai ta yi.

Dole a faɗi iyakar wannan hanya. Kakan ya shiga jarida ne don ya dace da abokin da ya iya boko kuma ya damu ya rubuta. Yawancin talakawan wancan zamani ba su taɓa fitowa a shafi ba, mata kuwa sun fi kowa ɓacewa. A cikin wasiƙar an gai da hakimi, an gai da wa, ba a ambaci matar da ta ajiye takardar ba, domin kunya ba ta barin miji ya kira sunan matarsa a bainar jama'a.

Sauran mutum 10 na wasiƙar suna nan da lambobinsu. Malamar ta duba su duka. Biyu suna kan dutsen Rangun tare da kakanta, kuma ƙauyen ɗayansu bai fi tafiyar rabin awa a babur daga nasu ba. Ta buga hoton shafin, ta nemi dagacin can ya haɗa ta da tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidan.